Ɗanmu Ya Ce Wasa Zai Yi Sana'a



Da wuya a sami majami'a a wannan diyosis wadda ba ta da yaro ko yarinya da Allah ya ba murya, ko ƙafar rawa, ko iya kwaikwayo. Mukan gan su ranar Jumma'a Mai Tsarki suna nuna shan wuyar Ubangiji har tsofaffi su share hawaye. Mu yaba musu, mu koma gida. Amma ranar da ɗayansu ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce da wannan yake so ya ci abinci, sai gida ya rikice. Uba ya ce bai sayar da hatsinsa ya biya kuɗin makaranta don a mayar masa da ɗa maroƙi ba. Uwa kuwa ta nufi gidan Fada da kuka.

Tsoron iyaye yana da tushe. A ƙasarmu ana jin daɗin makaɗi, ana yi masa liƙi a wurin biki, amma kaɗan ne ke son ba shi 'yarsu. Ikilisiya ma ta daɗe tana ɗari-ɗari da dandali. A ƙarnonin farko, ɗan wasan da ya nemi baftisma sai ya bar sana'ar tukuna, domin wasannin Romawa a haɗe suke da bautar gumaka da batsa. Waliyi Agustin, wanda ya so kallon wasa ƙwarai yana saurayi a birnin Kartaj, ya zo ya tsananta suka a kansa bayan ya tuba. Har a shekarar 1673, da Molière, babban marubucin wasa na Faransa, ya rasu, sai da sarki ya sa baki kafin a yarda a binne shi a makabartar masu bi, shi ma da dare.

To, me Littafi Mai Tsarki ya nuna mana? Ya nuna mana rawa biyu. A 2 Sama'ila sura 6, Sarki Dawuda ya yi rawa da iyakar ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari. Matarsa Mikal ta leƙo ta taga ta raina shi, ita ce kuwa Littafin ya ga laifinta. A Markus sura 6, 'yar Hirudiya ta yi rawa a bikin ranar haihuwar Hirudus. Ta iya rawar, babu wanda ya musa. Sarki ya yi rantsuwa gaban baƙinsa zai ba ta duk abin da ta roƙa. Yarinyar ba ta ma san abin da za ta roƙa ba, sai da ta fita ta tambayi uwarta, aka kuwa kawo kan Yahaya Maibaftisma a faranti. Mu lura da kyau: a cikin dukan waɗanda ke wurin, ita ce mafi ƙarancin iko. Gwanintarta ta zama wuƙa a hannun waɗanda suka fi ta ƙarfi.

Nan haɗarin wannan sana'a yake har gobe. Ɗan wasa yana ci daga hannun wanda ya kira shi. Lokacin zaɓe ɗan siyasa zai zo da kuɗi a yi masa waƙar zagin abokin hamayya, ko waƙar da za ta zuga wata ƙabila a kan wata, mu kuwa a nan arewa mun binne mutane da yawa saboda kalmomi irin waɗannan. Yarinya za ta je neman a sa ta a wasa, mai shirya wasan ya nemi abin da ba a saye da kuɗi. Wanda zai shiga dandali, kafin ya koyi komai, ya zauna ya yanke wa kansa abin da ba zai taɓa yi ba ko nawa aka ajiye masa, domin ranar da kuɗin haya ya ƙare ba ranar yanke wannan shawara ba ce.

Duk da haka Ikilisiya tana da waliyi na 'yan wasa. Bisa ga labarin da muka gada, Janesiyus ɗan wasan barkwanci ne a Roma zamanin Sarki Diyokletiyan. Yana cikin kwaikwayon baftisma don a yi wa Kirista dariya, sai bangaskiya ta kama shi a tsakiyar wasan, ya shaida Kristi a fili, aka fille masa kai. Ana tunawa da shi ran 25 ga Agusta. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu kuwa, wanda ya zo Kaduna a 1982 ya naɗa firistoci, ɗan wasan kwaikwayo ne kafin ya shiga makarantar firistoci. A 1941, Jamusawa na mulkin ƙasarsa Folan, shi da abokansa suna yin wasa a ɓoye cikin gidajen mutane a birnin Krakow don kada harshensu ya mutu. A 1999 ya rubuta wa masu fasaha wasiƙa ta musamman, yana gaya musu cewa Ikilisiya tana bukatarsu. A ƙasarmu ma, Hubert Ogunde ya fara ne da wasan da ya shirya wa majami'arsa a Legas a 1944, sannan ya ajiye aikin ɗan sanda ya kafa ƙungiyar wasa wadda ta zagaya Nijeriya shekaru da dama.

Saboda haka muna roƙon iyaye, kada ku yi saurin tsine wa yaro. Ku gwada shi. Mai son tafi kawai, wata uku na horo za su kore shi. Wanda abin ke cikin jininsa zai tashi da asuba ya yi bita ba mai kallonsa. Irin wannan ku tura shi ya koya wurin waɗanda suka iya. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Jami'ar Jos sun daɗe suna koyar da wasan kwaikwayo.

Ku kuma matasa, ku ji gaskiya. Kuɗin dandali kamar ruwan damina yake, wata guda ya cika randa, wata biyar babu ɗigo. Manzo Bulus yana wa'azi yana ɗinka tanti. Marigayi Samanja, wanda ya ba arewa duka dariya, ya yi aikin soja da na gidan rediyo. Ku riƙe wata sana'a a hannu. Kada ku sa hannu a takardar da ba ku karanta ba. Yawancin wasanni daren Asabar ake yinsu, don haka tun yanzu ku san wace Misa za ku halarta ranar Lahadi a duk garin da gari ya waye muku.

Sauran magana tamu ce, mu firistoci da shugabannin majami'u. Mukan biya mai haya mana kujeru da mai janareta a ranar bikin godiyar kaka, amma saurayin da ya yi wata biyu yana horar da mawaƙa da 'yan wasa sai mu sallame shi da "Allah ya saka". Muna roƙon kowane kwamitin majami'a, idan ya zauna tsara kuɗin bikin bana, ya rubuta sunan wannan saurayi a cikin waɗanda za a biya.