Hukuncin Ajiye Kare A Gidan Birni

'Yan'uwa Musulmi, makiyayin Fagam da mafarautan Gwaram suna tafe da karnukansu, Shari'a kuwa ta yarje musu, domin tsaron dabbobi da gona ko farauta. Amma wanda ya koma Kano ya kama ɗakin haya, sa'an nan ya sayo ƙaton kare don alfahari, to, ya sani littafin Risala ya hana ajiye kare a gidajen birni. Hadisin Buhari da Muslim kuma ya nuna ladansa yana raguwa kowace rana. Ga haushi yana hana maƙwabci barci, ga dabba kulle cikin ƙunci, alhali wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. Allah Ya kiyashe mu, amin.