Fasali a kan tawali'un wani Banasare

Ya ku 'yan'uwa, wani muridi ya tambaye ni: shin ya halatta ga ɗan ɗariƙa ya koyi tawali'u daga wanda ba ya salla? Na ce masa zauna ka ji.

Ku sani an yi wani limamin Nasara, Damiyan, mutumin Beljiyam. A 1873 ya yarda da kansa aka kai shi tsibirin Molokai na Hawai, inda hukuma take tsare kutare. Ya wanke gyambunansu, ya ci da su ƙwarya ɗaya, ya gina musu ɗakuna, wanda ya mutu ya haƙa masa kabari da hannunsa. A wancan zamani kuturta ba ta da magani. Ta kama shi, ya mutu a cikinsu a 1889.

Ban bi aƙidarsa ba, hukuncinsa yana ga Allah. Amma Suratul Ma'ida, aya ta 82, ta shaidi wasu malamansu da rashin girman kai. Ni wane ne da zan musa?

Ga abin da yake hana ni barci. Shekara da shekaru wani kuturu yana zama ƙofar zaurena. In na fito daga wazifa sai in tattare riga, in jefa masa kwabo a ƙoƙo daga nesa, nafsina tana ce mini na yi sadaka. Har ya mutu ban taɓa tambayar sunansa ba. Astagfirullah.