Kasaru a sararin sama, raka'a huɗu a hanyar Zurmi

Daga filin jirgin saman Sakkwato zuwa Jidda kilomita ne wajen 3,700, jirgi kuma yana cinye su cikin kamar awa biyar. Maniyyaci ya karya kumallo a ƙasar Hausa, ya ci abincin dare a wata nahiya. Kakanninmu shekaru wannan tafiya take ci musu: su bi ta Borno da Wadai da Darfur, suna yada zango su yi noma su tara guzuri, har su kai Sawakin su shiga jirgin ruwa. Da yawa ba su dawo ba, jikokinsu na nan a Sudan.

A zauren da na yi karatun Risala a Kaura Namoda, an koya mana cewa matafiyi yana kasaru idan tafiyarsa ta kai mil 48, kimanin kilomita 80. Ke nan alhajin da ke kishingiɗe cikin sanyin jirgi, ana miƙo masa shayi, Azahar ɗinsa raka'a biyu ce. Dillalin awakin da zai ci kasuwar Shinkafi daga Kaura, ko mai kai mara lafiya Kaura daga Zurmi, tafiyarsa ba ta kai haddin ba, huɗu zai yi. Alhali shi ne yake neman gafarar iyalinsa kafin ya fita, saboda tsoron hanya. Shi ne direbansa ke rage gudu ya ɗaga wa motar da ta fito hannu, "Yaya hanya?", kowa a ciki ya yi tsit sai an ji amsa.

Wannan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ayar kasaru, ta 101 a Suratun Nisa'i, da tsoro ta haɗa sauƙin. Sayyadina Umar da kansa ya yi mamakin ci gaba da kasaru bayan an samu aminci, Annabi (SAW) ya sanar da shi cewa sadaka ce daga Allah, a karɓa.

Malamai sun ce an rataya hukuncin ga tafiya ne saboda wahala ba ta da mudu. Abin da ya gajiyar da wani, wani bai ji shi ba. Na gamsu da wannan. Da an bar wa kowa ya auna da zuciyarsa, da salla ta zama ciniki.

Amma Shari'a ba ta manta da mai tsoro ba, mu ne muka bar babinsa yana kwance a littafi. Risalar nan ta halatta taimama ga wanda tsoron ɓarayi ya hana shi isa ga ruwa. Malaman Malikiyya sun yarda mai tsoron sauka ya yi farillarsa bisa abin hawansa da nuni. Sun kuma sa amincin hanya, na rai da dukiya, cikin sharuɗɗan wajabcin Hajji. Duk shekara ana tara maniyyata a yi musu bitar ɗaura harami a cikin jirgi, kuma daidai ne. Ina roƙon malamanmu na Kaura da Shinkafi da Zurmi su ware darasi tsakanin Magariba da Lisha, su koya wa direbobi da fatake yadda za su yi La'asar idan rana na faɗuwa kuma tsayawa a daji ba ta yiwuwa.