Waliyiya Monika, Uwa Kuma Kaka

Ranar 27 ga Agusta Ikilisiya ke tunawa da Waliyiya Monika. Shekara da shekaru tana zub da hawaye gaban Allah domin ɗanta Agustin, har ta bi shi Milan. A Ista ta 387 Bishop Ambros ya yi masa baftisma tare da jikanta Adeodatus. A shekarar nan ta rasu a Ostiya, tana da shekara 56. Ba ta damu da inda za a binne ta ba. Roƙonta ɗaya, a riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji. Mu kuwa, an gama anko da girkin jana'iza, sai shiru. Ku kawo wa katikis sunayen iyayenku mata da kakanninku da suka rasu, mu ambace su a Misa.