Shin Shirun Mai Sayar da Tsohuwar Mota Ha'inci Ne?

Ya ƴan'uwa Musulmi, tsohuwar Peugeot 504 ta yi wa talakan Damagaram rana: ga araha, ga kowane makanike ya san cikinta, tana tari tana kai mu Magarya. To, ranar rabuwa da ita fa? Sai mu ɗura mata baƙin mai mai kauri don inji ya yi shiru, mu ce wa mai saye ya duba da idonsa. Alhali ido ba ya shiga cikin inji, kuma Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta hana ɓoye aibi a ciniki. Mukan ce ai mu ma haka aka sayar mana. Wanda ya cuce mu daban, wannan bawan Allah daban. Balle aibin yana birki, ga iyalinsa za su hau.