Na Bar Kano, Kano Ba Ta Bar Ni Ba



Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan sallar Asuba, na tada mota ba tare da wata sabga ba. Ƙirjina ya cushe. Hayaniyar gari ta ishe ni, ga cunkoson adaidaita sahu, ga kuma wani saɓani tsakanina da ƙanena wanda ya kai mu wata biyu ko gaisuwa babu. Na bi ta Kurna, na wuce Dawanau, na ɗauki hanyar Dambatta.

Damina ta zauna. Gero ya yi bununi, ƙasa sai ƙamshi take. Na sauke gilashi, na kashe rediyo. Amma ka san wani abu? Idona na kan gonaki, zuciyata tana can gida tana ta shirya wa ƙanena amsa. Motar ce kaɗai ta bar gari.

Kafin Kazaure Azahar ta yi, bayan na daɗe ina tsaye-tsaye a hanya. Na ratse wani ɗan masallacin ƙasa. Wani dattijo ya jingine fartanyarsa a bakin ƙofa, shi ya ja mu. Da muka idar ya ce, "Malam, daga ina, zuwa ina?" Na ce, "Baba, daga birni nake, iska na fito sha." Ya yi dariya ya ce, "Ikon Allah! Ku kuna gudowa nan, 'ya'yana uku kuwa suna can wajenku neman na abinci."

Wallahi kunya ta kama ni. Wurin da nake kira hutu, shi gumi yake zubarwa a ciki. Garin da na gudo wa kuma, wasu addu'a suke Allah Ya kai su. Ashe damuwar ba a gari take ba, a ƙirji na ɗauko ta.

Ba ina cewa fita laifi ba ne. Alƙur'ani ya sha umartar mu da tafiya a bayan ƙasa don lura da ɗaukar izina. Manzon Allah (SAW) kafin wahayi yakan ɗauki guzuri ya keɓe a kogon Hira kwanaki, sannan ya koma wurin Nana Khadija. Amma da wahayi ya zo masa yana shekara 40, cikin mutane ya sauko, ya haƙure wa cutarwarsu. Keɓewarsa bayan nan ita ce i'itikafi a masallaci, goman ƙarshe na Ramadan. Keɓewa shiri ce ta komawa ga jama'a.

A gaban masallacin akwai gawo tsaye ba ganye, alhali ko'ina kore shar. Haka Allah Ya halicce shi: yana kaɗe ganye da damina, shukar da ke ƙarƙashinsa ta sami rana, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'ya dabbobi su ci. Janyewarsa ma amfanin wasu ce. To ni fa, wa janyewata ta amfana?

Don haka in za ka fita, ɗan'uwa, ka gaya wa iyalinka inda ka nufa, ka binciki lafiyar hanya, ka yi addu'ar tafiya, ka ajiye waya, kada sallah ta wuce ka. Kuma ka ɗauki tambaya ɗaya: haƙƙin wa ke kaina? Ka tuna shari'a ba ta yarda musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3 ba. Ni mai faɗa wa mutane haka a mumbari, na yi kwana 60.

Ban wuce gida ba da na dawo. Ƙofar ƙanena na fara tsayawa, na yi sallama.

Allah Ya gyara zukatanmu, Ya ba manomanmu damina mai albarka, Ya tsare mana hanyoyinmu. Amin.