Kafin Ka Buɗe wa Mai Saye Ƙofa

Ɗana, idan ka yanke shawarar sayar da gidanka, ba zan tsare ka da tambayar dalili ba. Wani bashi ne ya taso shi, wani canjin wurin aiki, wani iyali ne suka yi yawa ɗakuna suka yi kaɗan, wani kuma gado za a raba. Abin da nake so mu yi magana a kai shi ne kwanakin da ke tsakanin ranar da ka sanar da dillali da ranar da za ka ce ka sallama. A cikinsu ne baƙin fuska za su riƙa shigowa suna leƙa har ɗakin da kake kwana, kuma a cikinsu ne mutane da yawa ke zubar da kuɗinsu ko mutuncinsu.

Gyaran gidan sayarwa iri biyu ne. Akwai wanda ake yi don mai saye ya ga gidan yadda yake a ranar da ya fi kyau, akwai kuma wanda ake yi don kada ya ga abin da ya kamata ya gani. Kayan aikinsu ɗaya ne, siminti da fenti da tsintsiya, shi ya sa mai gida kan iya zamewa daga na farko zuwa na biyu bai ankara ba. Ina roƙonka ka tsaya a na farko.

Fara da ruwa, domin shi ne babban abokin gaban gini a ƙasar nan. Mai sayen da ya san abin da yake yi ba ya ɓata lokaci a kan launin fenti. Yana shiga zai dubi ƙasa ya ga inda tsakar gida ta karkata da inda makwarara ta nufa, ya dubi gindin bango ko kanwa ta fara cinsa, sannan ya ɗaga kai ya nemi tabon yoyo a silin. Idan akwai tabon, kada ka kira mai fenti tukuna. Kira kafinta ya hau rufi ya nemo ƙusar da ta saki ko kwanon da ya huje, ya duba katakon ko gara ta shiga. Bayan an toshe yoyon sai a canja silin ɗin da ya jiƙe, fenti ya zo daga ƙarshe. Haka ma gindin bangon da ke ɓarewa: shafa masa sabon fenti kawai aikin banza ne, domin laima daga ƙasa take hawowa, kuma ba a daɗewa fentin zai kumbura ya zube. A kankare plastar da ta mutu, a gano ta inda ruwa ke kwanciya a jikin bangon, a gyara can.

Kada ka yi zaton rani zai rufa maka asiri. Mai saye mai wayo, ko da a watan Maris ya zo, zai fita daga gidanka ya tsaya wajen mai shagon bakin layi ko mai shayi ya tambaya yadda unguwar take a watan Agusta. Za a gaya masa har inda ruwa ke kaiwa. Wani kuma birkila zai riƙo, ya bi bango yana ƙwanƙwasawa, kuma kunnen birkila ya san ƙarar plastar da aka liƙa jiya a kan tsaga. Daga lokacin da aka kama ka da ɓoye abu guda, sauran maganarka duk ta faɗi, har wadda take gaskiya, farashin ma ya bi ta.

Wannan lissafin duniya ke nan. Na lahira ya fi shi nauyi. Ka san labarin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tarin abincin sai ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi abin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, sannan ya barranta daga mai algus. To, idan tarin abinci ya jawo wannan magana, ina ga gidan da mutum zai zuba tarin shekarunsa ya saya, ya kwantar da 'ya'yansa a ƙarƙashin rufinsa? Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani a kan aibin gida dalla-dalla: babban aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar mayar da gida ya karɓi kuɗinsa, matsakaici kuma a mayar masa da gwargwadon abin da aibin ya rage na ƙimar gidan. Saboda haka abin da ba ka da ƙarfin gyarawa, ka faɗe shi da bakinka. Ka ce rijiyar nan tana ƙafewa da bazara, ɗakin can yana ɗaukar zafi, masai ya kusa cika. A rage maka wani abu a kuɗin ya fi a kira ka gaban alƙali bayan ka riga ka kashe su.

Sauran gyaran ba ya cin kuɗi sosai, ƙwazo yake so. Gidan da aka daɗe a cikinsa yana tara tarkacen da masu gida suka daina gani: tsohon keke a zaure, ragowar bulo a lungu, buhunan gawayi, kujerar da ake ta cewa za a kai wa kafinta. Kai idonka ya saba da su, amma shi baƙo su zai fara gani, kuma suna sa tsakar gida mai faɗi ta zama ƙuntatacciya. A fitar da su. Tumaki da kaji a kai su gidan ɗan'uwa na ɗan lokaci, ko a killace su wuri guda a share turken kullum. Kwatar ƙofar gida a yashe ta, domin tun daga nan ake fara yi wa gida kuɗi. Banɗaki da kicin su sha wanki na gaske. A nan zan ɗan yi wa iyayenmu mata tsokaci: turaren wuta abu ne mai kyau, amma idan aka turnuƙe gida da shi har ido na yaji, mai saye zai fara tunanin wane wari ake son dannewa. A wanke tukuna, turare kaɗan ya biyo baya.

Ka bi famfo ɗaya bayan ɗaya, ka gwada makunnin kowace fitila, ka sa mai a ƙyauren da ke kuka. Ka biya bashin wuta da na ruwa ka adana rasit, don tambayar mita tana cikin tambayoyin farko. Lokacin kallo kuma, ka zaɓi hantsi ko bayan la'asar, a ɗage labule a buɗe tagogi. Wanda ya nuna gida da magariba, ko ba shi da abin ɓoyewa, ya jawo wa kansa zargi.

Yanzu ga abin da na fi damuwa da shi, wanda dillalai ba su cika tunawa ba. Gidan nan har yanzu akwai mutane a ciki. Matarka ce, da 'ya'yanka mata, wataƙila da mahaifiyarka. Sa gida a kasuwa bai halatta wa kowane namiji ya faɗo tsakar gida don ya ce shi mai saye ne ba. Ka yi magana da dillali tun farko cewa babu mai zuwa sai da sanarwa, kuma sai kana nan, ko ƙaninka, ko babban ɗanka. A yi sallama, a ba matan gida lokaci su kimtsa su koma ɗaki guda ko su shiga maƙwabta. Kafin duk wannan ma, uwargida ta ji maganar sayarwar daga bakinka, kada ta tsince ta a bakin dillali yana nuna ɗakinta da ɗan yatsa. Wannan cin fuska ne da ba a mantawa.

Ba duk mai cewa zai saya ne mai saye ba. Akwai 'yan kallo, akwai masu auna farashi don nasu gidan, akwai kuma wanda ya zo ya ga inda ƙofar baya take da tsawon katanga. Gwala-gwalan mata da kuɗi da wayoyi a kulle su. Idan mutum uku suka shigo, kada a bar ɗaya ya ware shi kaɗai. Hotunan da dillalai ke ɗauka su watsa a Facebook da WhatsApp, ka tsaya a kansu: a ɗauki gini, ban da fuskar kowa, ban da gadon matarka da kayan ɗakinta. Idan kuwa 'yan haya ne a ciki, suna da haƙƙin a sanar da su da wuri, a nemi izininsu kafin a shiga ɗakunansu. Ɗan hayan da aka wulaƙanta, da kalma ɗaya a bakin ƙofa zai iya kashe maka ciniki.

Takardu ma cikin shirin gida suke, ko da yake ba a share su da tsintsiya. Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen kowace jiha a Nijeriya suna hannun gwamna a matsayin amana, abin da kake riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani. Takardar shaidar mallaka da ake kira C of O galibi ta shekara 99 ce, kuma mayar da ita ga wani yana buƙatar amincewar gwamna. Mai saye mai hankali zai je ya bincika a ofishin filaye, wato KANGIS idan a Kano ne, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja. Gara kai ka riga shi zuwa, ka tabbata babu bashin kuɗin ƙasa a kanka, sunan da ke takarda kuma naka ne. Idan gidan cikin gari ne da takardar ciniki kawai gare shi, ka nemo ta, ka san waɗanda suka yi shaida da waɗanda ke raye a cikinsu, ka kuma sanar da mai unguwa. Gidan gado kuwa, kada ka kai kowa kallonsa sai duk magada sun yarda, mata da maza, na kusa da na nesa. Wanda kuke tarayya da shi a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya fi bare cancantar sayen rabonka a kan kuɗin da aka taya. Gidaje nawa ne aka share aka yi wa fenti, ciniki ya faɗa, sannan wata ƙanwa da ke aure a wani gari ta aiko cewa ba da ita aka yi ba?

Ranar kallo, ka yi wa baƙo maraba, ka ba shi ruwa, sannan ka rage surutu. Kada ka bi shi ɗaki-ɗaki kana yabon gida kamar maroƙi. Bar shi ya duba, ya buɗe famfo, ya yi shawara da wanda ya zo da shi. Abin da ya tambaya ka ba shi amsa ta gaskiya. Matsuwar da ta sa kake sayarwa kuwa sirrinka ce, ba aibin gida ba ce, babu wanda ya wajabta maka faɗinta, kuma ka ja kunnen dillali kada ya yi talla da ita. Maganar la'ada ku gama ta da shi a gaban shaida tun kafin ya kawo mutum na farko, a san nawa ce kuma wa zai biya.

Wanda ya nemi ganin takardu, ka nuna masa asalin a hannunka, ka ba shi kwafi ya tafi da shi. Asalin kada ya kwana a wajen dillali ko wajen mai saye, komai kusancinku, sai kuɗi sun shiga hannunka kuma shaidu sun sa hannu. Allah Ya kawo maka mai saye na alheri, Ya sa inda za ka koma ya fi inda ka bari.